Ranar da Moton Labo Ya Yi Ihu

Garin Magaji, ta Gidan Sori
Bayan girbin gero

Zuwa ga taubashiyata Najiba, 'yar buro,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Abdulaziz da 'yar ƙanƙanuwa Raliya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar matata Fati da ke ɗan taɓa ta da safe. Gero ya yi kyau bana. Wake kam tsutsa ta raba mu da rabi.

Kada ki ce don me ban kira ba. Rezon waya a garin nan sai an hau tudun rijiya, kuma can mata ke ɗibar ruwa. In na faɗi magana da hantsi, kafin azahar an kai ta kasuwa da ƙari. Shi ya sa na ba Jibrilla direba takarda. Tare da ita akwai kwalbar man shanu. Kada ki yi mani godiya, ba kyautata ba ce. Na saniyarki ne, jar nan da kakarki Inna Basira ta bar maki, wadda ke garken Hamma Bafillace tun kina lakol, 'yar makaranta. Asta matarshi ce ta kaɗa shi da hannunta. Ta ce in tambaye ki ko kin ma san kalar saniyar taki. Na ce mata 'yar buro, mai zaman ofis, kalar takarda kaɗai ta sani.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Asirans ɗin motona, wato inshorar babur ɗina, zai mutu ƙarshen wata. Can da, wanda anka ce dole ne kaɗai nake yi, don jandarma su bar ni in wuce. Amma bana satar moto ta yi yawa a kasuwannin yankin nan, har wani abokin cinikina ya shiga masallaci da moto ya fito da makulli kawai. Na tambayi kuɗin asirans mai haɗe da sata a Maradi, abin da sunka faɗa mani sai da na nemi wurin zama. Sai na tuna ina da 'yar uwa a kamfanin asirans a Agiye, wadda kakarta da kakana ciki ɗaya, kuma ta ci man shanun garin nan har ta yi kumatu.

Moton nan shi ne ƙafata, da shi nake bin kasuwanni ina sayen hatsi. Kuma ba ƙafata ni kaɗai ba. Makullinshi ƙarƙashin tsohon turmin da ke zaure yake kwana, Hamma ya san wurin. Tun ubana da ubanshi haka muke: su riƙe mana shanu, su sauka gonarmu da rani su ba ta taki, mu kuma abin hawanmu nasu ne, ba sai sun tambaya ba. Da jaki ne, ya koma keke, yanzu moto.

Ki nemo mani mai sauƙi. In kin kasa, ki maido mani da kwalbar.

Naki,
Labo

*

Agiye

Yaya Labo, tsohon mijina na wasa,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya, man shanu kuma ya riga ya shiga miya, sai dai in maido maka da kwalba wayam. Raliya ta yi mura, ta warke. A gaida Yaya Fati, a ce mata ta riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi. A gaida Asta, a ce mata saniyata ja ce, ai kai da kanka ka faɗa a takardar.

Ka zo wurin da ya dace. Ka bar maganar mutanen Maradi, sun ga rawani da wuyan riga sun ce ga alhaji ya zo. Ni aikina ke nan, kuma ba yabon kai ba, kaf Agiye har Gazawa ba wanda ya kai ni sanin asirans ɗin moto.

Kamfaninmu na rage kuɗi ga wanda ya sa ma motonshi alam. Wata 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa ƙarƙashin kujera. In ka sauka ka danna rimot, ta ɗana. Duk wanda ya taɓa moton bayan nan, ko ya girgiza shi, sai ta fasa ihu har sai ka sake dannawa. Ɓarawo ba abin da ya ƙi jini irin a waiwayo a dube shi. Akwai wani makaniki a Cadawa da muke aiki da shi, Shu'aibu, in ya ɗaura sai ya ba ka shaida ka aiko mani. Daga nan ragin ya hau.

Na san abin da za ka tambaya, don na san rowar mutanen Gidan Sori: shin ragin ya kai kuɗin na'urar? Shekarar farko bai kai ba. Ta biyu ku yi kunnen doki. Daga ta uku riba ce zalla. Ban da kwanciyar hankali, wadda ba a saye a kasuwa.

Sharaɗi biyu ne. Na ɗaya, duk lokacin da ka bar moton, ko fitsari za ka zagaya, sai ka ɗana alam. In aka sace shi ba a ɗane ba, kamfani ba ruwanshi. Na biyu, zan rubuta kai kaɗai ke tuƙa shi, don wannan ma yana ƙara sauƙi. Maganar makulli ƙarƙashin turmi kuwa, haba Yaya Labo! A wannan zamanin? Na karanta ma Abdulaziz wurin, ya yi dariya har ya ƙware. Ka ɗauke shi daga nan ka sa aljihu. In makiyayinka na da buƙata, ya zo ya yi sallama ka kai shi da kanka.

Ka yarda da ni. Ban taɓa sa mutum hanya ya dawo yana cizon yatsa ba.

Taka,
Najiba

*

Garin Magaji

Najiba,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ƙafar Fati ta yi sauƙi. Ga shaidar Shu'aibu nan na haɗo. Na tafi har Cadawa, ya ɗaura abin, ya karɓi kuɗinshi, ya kuma sha shayina.

To kin sa ni na zama abin kallo. Ranar farko na ajiye moto ƙofar masallaci na ɗana, liman ya ta da salla, akuyar maƙwabci ta zo ta sosa ƙeyarta da madubi. Wayyo! Rabin sahu sunka sallame, wani tsoho ya bar takalminshi. Bayan salla liman ya tambaye ni ko moton ya ci abinci. Yanzu yara na kiranshi Mai Kururuwa. In iska ta kaɗa ya yi ihu, in amalanke ta wuce ya yi ihu, jiya Fati ta shanya zane bisa kanshi ya tara mata mutane. Batir kuma ya fara sanyi da safe, sai na tura. Ki sa wannan cikin lissafin shekara ta biyu.

Amma ba zan ci amanar gaskiya ba, abin na aiki. Ranar kasuwa na bar shi bakin rumfa na shiga ƙurya ina awon gero, hankalina kwance. Wani yaro mai baƙin tabarau ya jingina da shi, ya fasa ihu, yaron ya bar wurin ba ko waiwaye. Ko ɓarawo ne ko mai hutawa ne, Allah masani. Ni dai na ji daɗi.

Sharaɗinki na ɗaya na riƙe shi gam, ina ɗanawa ko ina zan tafi. Maganar makulli ce ban yi ba, kuma ba zan yi ba. Ke kin ce makiyayina. Hamma ba yarona ba ne, Najiba. Shanuna huɗu da taki ɗaya na hannunshi, ba takarda, ba shaida, ban taɓa zuwa na ƙirga ba. Mutumin da ya riƙe mani wannan, in ɗauke makulli don kada ya hau ƙarfe? Ranar da ya sa hannu ƙarƙashin turmi ya ji wayam, da wane ido zan dube shi?

Na nuna mashi alam ɗin dai. Ya tsaya dogare da sandarshi, na taɓa, abin ya yi ihu, na danna ya yi shiru. Ya dube shi, sannan ya ce, "Labo, wannan ya san na gida?" Na yi dariya na ce zai saba.

Jibi za ni gaisuwar mutuwa wajen Tibiri, a mota za mu tafi da dattawan gari. In na dawo zan aiko maki da wake, wanda tsutsa ta rage.

Labo

*

Tashar Gidan Rumji

Najiba,

A tsaye nake rubutu, mota za ta tashi. An ɗauki moto ina wurin gaisuwa, alam na ta ihu. Mutane sun tare shi a hanya. Hamma na hannun jandarma, moton ma yana can, ya lalace. Wayata ta mutu. Ki aiko mani da duk takardun moton maza-maza, ana buƙatarsu.

Labo

*

Agiye

Yaya Labo,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu, sannu da wannan abu. Allah ya sa iyakar wahalar ke nan. Da fatan kai da Yaya Fati lafiyarku ƙalau, don shi ne babba.

Ba zan ce na faɗa maka ba, ko da yake na faɗa. Mutum ne ka ba amana ya ci, kuma na san zafin da kake ji ya fi na moton. Amma ka duba ikon Allah: ba don alam ɗin nan da kake yi ma ba'a ba, da yanzu moton ya tsallaka iyaka, an sauya mashi kala.

Ka kwantar da hankalinka, komai na hannuna. Ina gama karanta takardarka ban ko zauna ba. Na cika sanarwar sata da sunanka, na rubuta cewa alam a ɗane yake, kuma kai kaɗai ke da izinin tuƙi kamar yadda yake a yarjejeniya. Shef ɗinmu, shugaban buro, ya sa hannu, muka tura ma jandarma ta waya nan take, ba mu jira mota ba. Irin wannan in aka yi sanyi sai a wayi gari dangin mutum sun zo sun yi 'yan maganganu an sake shi, kai kuma ka tashi a tutar babu. Yanzu ba mai iya wannan. Kamfani zai gyara maka moton tsaf, ko fitila ba za ka saya da kuɗinka ba. Shef har ya ce zai riƙa ba da labarinka ga masu shakkar alam.

Ga takardun nan na ba Jibrilla. Abu ɗaya ya rage: ka je ka kwaso shanunku daga garkenshi tun kafin 'yan uwanshi su kora su daji. Har da tawa.

Ka ga amfanin 'yar buro yanzu?

Taka,
Najiba

*

Gidan Rumji

Najiba,

Sallama. Lafiyar jiki muna da ita. Ta zuciya kam babu, kuma yau ba wasa a bakina.

Motar Jibrilla ta lalace a hanya, takardarki ta yi kwanaki kafin ta iso ni. Amma aikinki ya riga ta zuwa. Bari in faɗa maki yadda anka yi, tunda ni ma da na rubuta maki a tsaye ban faɗa ba.

Ranar da na tafi gaisuwa na ɗana alam kamar yadda kinka ce, na sa rimot aljihu. Makulli kuma na bar shi ƙarƙashin turmi kamar yadda ubana ya bar ragamar jaki. Ban haɗa biyun a kaina ba, wallahi ban haɗa ba. Da hantsi jar saniyarki, wadda Hamma ke ce ma Woɗe, ta faɗa gonar da anka girbe ta ci gyauron dawa. Cikinta ya kumbura kamar ganga, ta kwanta. Irin wannan ba ya jira. Hamma ya rugo zaure, ya ɗauki makulli, don ya ɗauko likitan dabbobi daga Gidan Sori. Yana taɓa moton ya fasa ihu. Fati ta fito ta ce rimot na wurina. Ya ce ba komai, ya yi ta kukanshi, saniya ce a kwance. Ya hau.

A garinmu ba wanda ya ɗaga kai, kowa ya san Hamma, kowa ya san Mai Kururuwa. Amma da ya kai mararraba, wajen mutanen da ba su san shi ba, me sunka gani? Bafillace da rawani, shi kaɗai, yana gudu bisa moton da ke ihu. Kin san halin da yankin nan ke ciki, kin san abin da mutane sunka sha a hannun 'yan bindiga, da yadda ido ke rufewa. Wani ya ce ɓarawo, shi ke nan. Sunka gitta mashi amalanke. Sun karya mashi hannun dama, sun fasa mashi kai. Yana ce masu na Labo ne, a je a tambayi Labo, moton na ihu bisa muryarshi, ba mai ji. Allah ya kawo motar jandarma, su ne sunka fizge shi. Ba don su ba, da yau gaisuwar Hamma nake karɓa.

Na zo na ce masu ɗan gida ne, da izinina yake hawa. Maigari ya zo ya shaida. Shugaban jandarman mutumin kirki ne, ya ce in kawo takardun da ke nuna moton nawa ne, a sallame shi. Takardun da na ce ki aiko ke nan. Ina zaune bisa benci ina jiran Jibrilla, sai anka kira ni ciki anka nuna mani sanarwarki. Da sunana a kai. Wai ni Labo na ce an sace mani moto, kuma ba wanda na ba izini. Shugaban ya ce, "Malam, bakinka ya faɗi ɗaya, takardarka ta faɗi ɗaya. Wanne zan kai gaba?" Ya ce muddin kamfani bai janye ba, sai dai alƙali.

Hamma na ciki da hannu a ɗaure. An karanta mashi takardar. Da anka bar ni na gan shi, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Woɗe fa?" Sai da na faɗa mashi: ta jira likita har la'asar, da Asta ta ga za ta tafi ta kira anka yanka ta. Ta bar 'yar maraƙa. Ya juya fuska bango.

Kin ce in kwaso shanu, har da taki. Saniyar taki ce ya tafi ceto, Najiba.

Na san abin da janyewa ke nufi. Ba gyaran moto, ba ragi, wataƙila su soke asirans ɗin gaba ɗaya tunda na bar wani ya hau. Su soke. In sun so su zo su ɗauki moton su haɗa da alam ɗinsu. Na san kuma ke ma za ki sha magana wurin shef ɗinki, wannan kam ba ni da maganinta. Amma takardar nan hannunki ya rubuta ta, hannunki zai ɗauke ta. Ina nan bisa bencin, ba inda za ni.

Labo

*

Agiye

Yaya Labo,

Na karɓi takardarka a buro, na karanta ta a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ka rubuta mani tun farko ko wane ne Hamma, har sau biyu, ni kuma na karanta ina dariya.

Ban tsaya kuka ba, don kuka ba zai buɗe ƙofa ba. Na shiga wurin shef na ce sanarwar nan kuskure ce, ni na yi shi, mai moto bai ce an yi mashi sata ba. Ya ce in bari mana alƙali ya duba, kamfani ba ya son yau fari gobe baƙi. Na ce mutum na kwance da karyayyen hannu a kan maganar da ba a yi ba, ba zan bari ya ƙara kwana ba. Ya ce in an janye, dosiyen, wato fayil ɗin maganar, zai hau sama da sunana. Na ce ya hau, ai sunan nawa ne. Na tsaya bakin teburinshi har ya sa hannu. An tura ta waya, amma wannan karon ban yarda da waya kaɗai ba. Gobe da safe ni da Abdulaziz za mu shigo mota da takardar a hannuna. Ka ce ma shugaban jandarman mai sanarwar da kanta tana tafe.

An ɗauke ni daga kan motoci an mai da ni teburin karɓar baƙi, sai abin da hali ya yi. Kada ka sa wannan a ranka. Na iya aikina, za su neme ni.

Tambayar nan ta ko ragin ya kai kuɗin na'urar, bari in ba ka amsarta yadda ya kamata in ba ka tun ranar. Ga ma'aikacin da ke ajiye moto ƙofar buro, shi kaɗai ke hawa, rimot da makulli a zobe ɗaya, alam na da amfani, har gobe zan sayar mashi. Ragin dai ba wani mai yawa ba ne, in ka cire kuɗin na'ura da batir abin da ya rage bai fi na shan shayi ba. Amma moton da gida biyu ke hawa ba irin wannan yarjejeniya ake yi mashi ba. Akwai wadda ake rubuta sunan mutum biyu, ta fi tsada, shi ya sa ban ma ambata maka ita ba. Na so in burge ka da sauƙi.

Ka tambayar mani Asta abin da zan riƙo mata. Kuma maraƙar nan, ina so in bar ma Hamma ita.

Najiba

*

Garin Magaji

Najiba,

Sallama. Da fatan kun koma Agiye lafiya, kuma ƙurar hanyarmu ta fita daga shaddar Abdulaziz. Fati na gaishe ki. Ta ce ba ta taɓa ganin 'yar buro ta durƙusa gaban bukka ba sai ranar.

Hamma na samun sauƙi tun da anka sallame shi, mai ɗori ya ce ƙashin ya kama. Maganar maraƙa na kai mashi, ya ce a'a. Ya ce ta Inna Basira ce, zai riƙe ta yadda ya riƙe uwarta, ba a biyan hannu da saniya. Kada ki sake tayar da ita.

Moton ya dawo, na gyara da kuɗin wake. Na sa makanikin Gidan Sori ya kwance alam ɗin, ga shi nan cikin ƙunshin da Jibrilla zai ba ki, har da rimot. Ki ba wani mai zobe ɗaya. Sabuwar yarjejeniyar da kinka sa abokiyar aikinki ta rubuta ta iso, na ga sunana da na Hamma jere. Na kai mashi na karanta mashi. Ya ce madalla.

Madallar ke nan. Makulli na ƙarƙashin turmi, ƙura ta rufe shi. Satin da ya wuce Hamma ya tafi Gidan Sori ganin mai ɗori, da ƙafa ya tafi, da rana tsaka, ya bi ta ƙofar zaurena moton na tsaye. Na ce ya tsaya in kai shi. Ya ce tafiya na yi mashi daɗi. Muna gaisawa, yana tambayar iyali, ina tambayar garke, komai daidai. Amma in ya zo yanzu daga waje yake sallama, mutumin da ke shigowa har tsakar gida ya ɗauki buta.

Wannan abu na ci mani rai, ba zan ɓoye maki ba. Ban san takardar da ake cikawa a kanshi ba. Zan dai bar makullin inda yake.

Labo

*

Garin Magaji
Farkon bazara

Zuwa ga Najiba, 'yar teburin baƙi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa gare ki da Abdulaziz da Raliya. Jibrilla ya ce an maida ki kan motoci, to barka, Allah ya tsare mutanen Gazawa. Mu nan zafi ya shigo, ana ta gyaran gona. Garken Hamma ya sauka gonata kamar kowace shekara, taki ya yi baƙi ƙirin.

Ina da sanarwa, amma ki ajiye biro, kada ki cika komai.

Shekaranjiya na fito da safe zan tafi kasuwa, na riga na sa hula, na ɗauko buhuna. Na shiga zaure, ba moto. Na tsaya. Ban ji tashinshi ba, ba wanda ya ji, ko kare bai yi haushi ba. Na ɗaga turmi, ba makulli, sai shaidar yatsu cikin ƙura. Na zauna bisa turmin nan ina dariya ni kaɗai, har Fati ta leƙo ta ce lafiya? Na ce mata an ɗauke moto. Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta koma ta ci gaba da dakanta.

Kasuwa ta wuce ni ranar, na yi asarar ciniki mai kyau, ko a jikina. Sai bayan azahar ya dawo, da dutsen gishiri ɗaure a baya da maganin tsutsa na maraƙarki. Bai yi sallama daga waje ba. Ya shigo da moton har zaure, ya maida makulli, ya wuce tsakar gida ya ɗauki buta. Da ya gama alwala ya dube ni ya ce, "Labo, birkinka na baya ba ya ci. Ka gyara kafin Laraba, zan tafi da Asta asibiti awo."

Na gyara jiya.

Man shanu kam sai ki yi haƙuri har maraƙar ta girma. Ja ce ita ma, in Asta ta sake tambayarki.

Naki,
Labo